Katin Wayewar Barnabé

Barnabé Bofossa bai taɓa ƙetare iyakar wata ƙasa ba tun da aka haife shi, amma in ka zauna da shi gindin mangwaron ƙofar gidansa a Mbandaka, sai ya jero maka ƙasashen da ya zauna a ciki, kuma ba ƙarya yake shara maka ba. A Kwangon Beljiyam aka yanke masa cibiya. Yana da 'ya'ya uku ya kwana ya tashi a Jamhuriyar Kwango, bai gama sabawa ba aka liƙa mata Dimokuraɗiyya, furfura ta same shi a Zaire, haƙoransa suka zube a Kwango kuma. Garin ma haka. Coquilhatville ya shigo da ƙunshin kayansa a ka, wata rana rediyo ya ce masa ai Mbandaka yake, alhali ko tabarmarsa bai matsar ba.

Duk wannan bai taɓa hana Barnabé barci ba. Shi mutum ne da in an sauya wa ƙasa suna da safe, kafin rana ta take ya iya faɗinsa da muryar mai karanta labarai, har yana gyara wa maƙwabta. Suna ɗaya ne ya kuɓuce masa ya kasa dawo da shi, kuma ba na ƙasa ba ne. Wanda uwarsa ke kiransa da shi ne, ta zo ta daina.

A wani ƙauyen masunta aka haife shi, can bakin kogin Ruki. Mutanen wajen, Mongo, in sun sa wa jariri sunan wani babba, to magana ta ƙare, shi ne wannan babban. Uwarsa Ekila ta sa masa sunan ubanta, Ilonga, saboda haka tun yana tsumman goyo Baba take ce masa. Baba ka ƙoshi? Baba sauko daga kwalekwalen nan. Kan kifi nasa ne, tunda rabon manya ne. In ya yi ɓarna ba ta dukansa, don wace 'yar kirki ce za ta ɗaga wa ubanta hannu? Sai ta juya ta huce a kan ƙanwarsa Amba, wadda aka sa wa sunan wata goggo da ba wanda ya damu da ita. Amba ta sha dukan mutum biyu har ta girma, kuma ba ta manta ba.

Shi Ilonga na asali hannu ɗaya gare shi. A zamanin samartakarsa, ƙasar nan duk faɗinta, da dajinta da kogunanta da mutanen ciki, gonar wani sarki ce guda ɗaya da ke zaune a Turai, wanda bai taɓa taka ta ba ko da yawon shan iska. Sunan da ya raɗa mata kuwa 'Yantacciyar Ƙasar Kwango. Ka ji fa, 'yantacciya. Danƙon roba ake nema a lokacin. Kwandon Ilonga bai cika ba, sojojin kamfani suka cike giɓin da hannunsa na dama. Ya rayu, ya koyi tuƙa kwalekwale da hagu, ya haifi Ekila, ya mutu ana dab da haihuwar takwaransa.

Bandar kifin Ekila ce ta kai yaron makarantar mishan, don ubansa Bofossa bai daɗe a duniya ba. A can wani limamin coci ya zuba masa ruwa a ka, ya ce daga yau Barnabé yake, ya manna masa sunan ubansa a baya. Da aka gaya wa Ekila ko a jikinta. Ta ce su kira shi abin da suka ga dama, ruwa ne, zai bushe. Yaron kuwa yana da kai, ba a hana shi wannan. Ya iya Faransanci har da ɗaga kafaɗa irin tasu, ya samu aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa, ya auri Léonie, 'yar kafintan mishan. Da haihuwar fari ta zo, Ekila ta sauko gari don ta kama wa surukarta, ta zauna. Tana da tsaga a goshi, haƙoranta na gaba a fiƙe irin na matan zamaninta, da lofenta, kuma a ƙasa take cin abinci, da hannu, kamar kowane mai hankali.

Sai Turawa suka fito da kati.

Kati ne na shaidar cewa wannan baƙar fatar ya waye. Mai shi ba a kwantar da shi a zane shi da dorina a bainar jama'a. Yana shiga kantin Turawa ta ƙofa, ba ya tsayawa a 'yar tagar gefe yana miƙa hannu. Yana sayen jan giya, kuma in dare ya yi ba a kora shi daga unguwarsu da usur. Ba wai ya zama Bature ba, a'a, wa ya isa? An dai ɗaga shi sama da ɗan'uwansa da kamar kauri na tabarma. A ƙasa mai mutane miliyoyi, waɗanda suka samu ba su cika filin ƙwallo ba, kuma wannan ne ya haukata Barnabé.

Ba a ba da katin haka nan. Sai ka nema a rubuce, sannan wani kwamiti ya zo gidanka ba sanarwa ya gani da idonsa. Za a ɗaga zanin gado a duba. Za a leƙa masai. Za a ga ko kana cin abinci a tebur ɗaya da matarka, da wuƙa da cokali mai yatsu, ko 'ya'yanka na sa kamfai, ko da Faransanci kake yi musu faɗa.

Wayyo Léonie! Abin da ta gani a shekarun nan, Allah kaɗai ya sani. Barnabé ya sayo tebur da kujeru, ya rataye labule a tagar da ba ta da gilashi, ya kafa hoton sarkin Beljiyam a falo. Ya je gwanjon wani Bature mai komawa gida ya kwaso littattafai ya jera a kanta, rabinsu da wani harshen Turai da ko baƙi ɗaya bai sani ba a ciki. Kullum da rana iyali su zauna su yi ta kokawa da kwanga, tuwon rogonsu mai danƙo, da wuƙa, kwanga na zamewa, miyar ganyen rogo na tsiyaya ta tsakanin yatsun cokali, kifi mai ƙaya na rama wa kakanninsa. Yara su tashi da yunwa. In uban ya koma ofis sai su zagaya bayan gida wajen kakarsu, ta buɗe musu tukunya su ci da hannu bibbiyu.

Ekila dariya abin ke ba ta. Takan leƙo falo ta ce, Baba, in wannan ƙarfen ya gama ci sai ka zo kai ma ka ci. Shi kuwa dariyar ba ta zuwa masa, domin ya san duk abin da ke gidan ana iya gogewa ko a ɓoye a ƙarƙashin gado, ban da goshin uwarsa. Ya lallaɓa ta ta je ƙauye ta huta. Ta je, damina ta wuce, kwamiti bai zo ba. Ta dawo. Ya sake tura ta da hujjar Amba na da ciki, Amba ta haihu, yaro ya yi haƙori, kwamiti shiru. Ta dawo da kwandon busasshiyar tsutsar itace don jikokinta, ta ce ita ta gaji da yawo a kan ruwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Lahadi bayan an taso coci, an kwana ana ruwa, motar kwamiti ta tsaya a ƙofar gida. Bature ɗaya ne da wata Baturiya, matar wani babba a cikinsu, wadda aikin ɗaga zanin gado ya faɗo a kanta. Barnabé na cikin kwat da laktaye, Allah ya taimake shi bai riga ya cire ba. Komai ya tafi daidai. An ga tebur, an ga cokula, babbar 'yarsu ta rera wata waƙar Faransanci a kan dusar ƙanƙara, abin da ba ta taɓa gani ba. Baturen ya zaro littafi ɗaya daga kanta, ya dubi bangon, ya dubi Barnabé, ya mayar. Sai Madam ta ce a kai ta ta ga masai.

Hanyar masai ta bayan gida take. A can Ekila take, zani ɗaure a ƙirji, lofe a baki, tana kirɓa ganyen rogo a turmi. Ta ga baƙi, ta yi musu murmushi da fiƙaƙƙun haƙoranta. Baturen ya nuna ta da haɓa, ya tambayi wace ce wannan.

Barnabé ya ji zufa ta gangaro masa ta cikin kwat. Yana son uwarsa, kada wani ya ce ba ya so. Amma shekarun kokawa da kwanga suka faɗo masa a rai, ya kuma tuna ba ta jin Faransanci.

"Mai aikinmu ce, Misye. Daga daji muka ɗauko ta, ba ta san komai ba."

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya sha. Sai Madam ta ji daɗi, ta ce ai wannan ma alamar wayewa ce, mutum ya ajiye mai aiki. Ta dubi takalminta, taɓon bayan gida ya yi masa kaca-kaca. Ta ce to madalla, ya gaya wa matar ta zo ta goge mata. Ka ga wannan kuwa ba a faɗinsa da Faransanci, dole da harshen da Ekila ke ji, kuma da muryar da ake yi wa mai aiki magana, don Turawan ba sa jin kalmomin amma suna jin murya. Barnabé ya gyara laktaye.

"Ke, Ekila! Zo ki goge wa Madam takalmi."

Sunanta gatsal, wanda ko mijinta bai cika kira a gaban mutane ba. Ekila ta dube shi. Ba ta daɗe tana dubansa ba. Ta jingine taɓarya, ta cire lofe ta ajiye a gefen turmi, ta zo ta durƙusa a cikin taɓon, ta kama bakin zaninta ta goge takalman nan tas, ɗaya bayan ɗaya. Madam ta yaba, ta buɗe jaka ta ba ta alewa.

Da motar ta tafi, Barnabé ya zagayo yana 'yar dariya. Ya ce Mama ai dabara ce, ba a kama kifi sai da tsutsa. Ya ce don jikokinta ya yi, in kati ya fito za su shiga makarantar kirki, ita ma in ta yi ciwo gado za a ba ta a asibiti, ba tabarma ba. Ya yi ta zuba. Ekila ta ƙarasa kirɓinta, ta dafa miya, ta zuba wa kowa, ta ba ƙaramin jikanta alewar. Washegari da safe ta ɗaure kayanta ta sauka bakin ruwa, inda masu kwalekwalen Ruki ke lodi. Ya biyo ta da kwat ɗinsa, yana ci gaba da bayani daga inda ya tsaya jiya. Sai da ta zauna a kan kayanta sannan ta yi magana.

"Ubana da hannu ɗaya ya ci abinci har ya mutu, wanda suka bar masa, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Su ma da suka yanke ɗayan, sai da suka ɗaure shi tukuna. Kai wa ya ɗaure ka?"

Ya shiga gyara zaman kwat ɗinsa.

"Sai wata rana, Misye Barnabé," in ji ta, da laƙabin da ake kiran Turawa, mai kwalekwale ya tura.

Kati ya fito, amma sai da ya ga dama. Barnabé ya sa shi a aljihun gaba ya nufi kantin Turawa, ya shiga ta ƙofa, a hankali, don duk masu layi a taga su gan shi. Ya sayo kwalbar jan giya. Ya kurɓa ya ji kamar ruwan tsamiyar da ta kwana, amma ya shanye don kada Léonie ta samu abin faɗi, ya wuni yana zarya a hanyar masan nan da aka duba aka yaba. Moriyar da ya ci ke nan. 'Yan watanni kaɗan, a tsakiyar 1960, aka ba ƙasa 'yancin kai, Turawa suka yi ta rububin jirgi, kowane ɗan dako ya shiga kanti ta ƙofa yana taunar rake. Masu katin wayewa suka koma abin nuni, ana ce musu 'yan barandar Bature. Aikin baban giwa. Barnabé ya sauke hoton sarki tun kafin a sauke tuta, ya cusa katin a cikin ɗaya daga littattafan nan da ba ya iya karantawa.

Ya ɗauka fushin uwa na kwana biyu ne. Ya aika mata da sukari da gishiri da turmin atamfa. Amba ta kawo amsa da bakinta, tana jin daɗin kowace kalma: Mama ta ce a yi wa Misye Barnabé godiya, Allah ya ƙara girma. Ya je da kansa, ta sa aka yanka masa kaza, aka ba shi kujera ɗaya tilo da ke ƙauyen, ta gaishe shi yadda ake gaida mai karɓar haraji. Ba zagi, ba gori. Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya dawo gari abin na cin sa, don duk girman da ya yi, bai taɓa jin shi wani ne ba kamar lokacin da matar nan ke cewa Baba ka ƙoshi.

Léonie, wadda ta fi shi hankali tun ranar aurensu, ta gaya masa maganin ba ya da tsada. Ya je ya durƙusa inda ta durƙusa, ya ce Mama na yi laifi, ya rufe bakinsa. Ya ce ai abin da yake yi ke nan. Ƙarya yake. Barnabé ya iya bayani, bai iya ba da haƙuri ba. Duk zuwan da zai yi sai ya fara da yadda zamanin yake, da irin matsin da Turawa suka yi wa 'yan boko, da abin da kowa zai yi in shi ne. Ekila ta saurara har ƙarshe, ta ce gaskiya ne, Misye ya yi ƙoƙari.

Ana haka shekaru suka tafi, aka yi yaƙe-yaƙe, aka yi juyin mulki, ƙasa ta samu mai ita, jam'iyya ta zama ɗaya tilo, wadda ake haihuwar kowa a cikinta ko ya so ko ya ƙi. Sai aka wayi gari da sabon salo, wai komawa ga asali. Aka ce sunan Kwango ya tsufa, alhali daga wata tsohuwar daular baƙar fata ta bakin teku aka samo shi. Aka koma na gargajiya tsantsa, Zaire, wanda Turawan Fotugal suka bari tun da can, da harshensu ya kasa juya kalmar mutanen wajen mai nufin kogi. Ba wanda ya yi tari. Ƙasa Zaire, kogi Zaire, kuɗi zaire, kana tsaye a Zaire ka biya zaire a haye da kai Zaire. Aka hana kwat da laktaye, aka kawo wata riga mai tsayayyen wuya ana ce mata abakos. Aka hana Misye da Madam, kowa ya zama Sitwayen, wato ɗan ƙasa. Sannan aka ce duk mai sunan baftisma ya yar, ya ɗauko na kakanninsa.

Wa ka sani ya riga kowa? A filin taron jam'iyya Barnabé ya ƙone laktayensa guda-guda, har da wanda ya gyara a bayan gida ran nan. Ya hana Léonie sa gashin kanti, ya ce daga yau Bolumbu take, ta ce ya kira ta ko da Tukunya ne in dai zai bar ta ta ci abinci da hannu. Tebur ya koma wajen guga. Shi kuma ya zama Sitwayen Bofossa Ilonga, a rubuce, da hatimi. Ofis Ilonga, kasuwa Ilonga, limamin coci ma Ilonga yake ce masa yana waige-waige.

Bai tsaya nan ba, ɗan bala'in. Ya gano kakansa jari ne. Duk taron da aka yi sai ya miƙe cikin abakos ya ba da labarin Ilonga mai hannu ɗaya, ya ɗaga hannunsa na dama ya lanƙwashe shi a wuyan hannu, murya na rawa, ya ce jinin wannan gwarzo ne ke gudu a jikinsa, shi ya sa bai taɓa sunkuyar wa Bature da kai ba. Mata su yi ta share hawaye. Tsofaffin unguwa da suka ga shigarsa kanti ta ƙofa su dubi ƙasa, don lokacin ba na yawan tunawa ba ne. Aka ƙara masa girma a wajen aiki, aka ba shi kujera a reshen jam'iyya.

A zuciyarsa kuwa murna yake yi ta wani abu daban, kuma a nan ne zai ba ka tausayi in kana da saura. Ya ɗauka doka ta gyara masa abin da ya ɓata. Tunda ƙasa duka an tilasta mata ta kira shi Ilonga, an kuma haramta Misye, an haramta Barnabé, to da me tsohuwa za ta kira shi? Ya hau jirgi da sabuwar takardar shaidarsa a aljihu. Ya same ta a inuwar bukka tana gyaran komar kamun kifi, ido ya fara yi mata hazo.

"Mama, an dawo mana da sunayenmu. Ilonga nake yanzu, ga shi a rubuce."

"Wa ya dawo maka da shi?"

"Gwamnati."

"A wajenta ka ba da ajiya?" Ta ci gaba da ɗaurin komarta. "To ita ta kira ka. Amba, kawo wa Misye Barnabé kujera, ya sha hanya."

Ya rage murya ya ce Mama a yi hankali, wannan kalmar laifi ce yanzu, ana kama mutum a kanta, kuma shi ɗan jam'iyya ne, in aka ji a gidansu ake faɗi zai shiga uku. Ta ce su zo su kama ta, ta ga waɗanda suka fi su tsawon bindiga. Haka ya zama a duk faɗin Zaire, daga bakin teku har manyan tafkunan gabas, mutum ɗaya ce ta rage tana kiran Barnabé da sunansa na Turawa, kuma ita ce ta haife shi.

Ya yi duk abin da kuɗi ke yi. Ya rufa mata ɗaki da kwano, ta ce yana da zafi amma an gode. Da Léonie ta haifi 'yar auta ya sa mata Ekila, don ya samu wadda zai ce wa Mama ta amsa da fara'a. Tsohuwa ta karɓi takwararta hannu bibbiyu, tana goya ta, tana tauna mata kifi, tana ce mata ni kaina. Uban yarinyar dai Misye. Amba ta ce masa wata rana, suna bakin ruwa, dukan da ta sha dominsa da shi aka yi wa, da yanzu yana da uwa. Ya fara yi mata bayanin yadda zamanin yake, ta ɗauki tulunta ta bar shi tsaye.

Saƙon ya same shi a ofis da hantsi, daga bakin wani masunci: in yana son ganin tsohuwa da rai ya taso. A cikin jirgi ne, yana kallon daji na wucewa, ya yanke shawarar yin abin da Léonie ta daɗe tana faɗa. Zai durƙusa. Ba zai kawo zancen zamani ba, ba zai kawo zancen Turawa ba. Ya yi ta maimaita kalmomin a ransa, kuma ka san hali, kafin a kai ƙauye sun ƙaru sun zama ɗan jawabi mai gabatarwa. Ya sake yanke su, ya bar guda uku: Mama, na tuba.

Ya tarar da ita kwance a kan tabarma a ɗakin kwanon, ta koma 'yar mitsitsiya, mata zagaye da ita, Amba na jiƙa mata leɓe da ruwa. An ce tun jiya ba ta gane kowa. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin abakos ɗinsa, gumi na zuba, yana neman inda zai sa gwiwa a cikin matan nan. Sai tsohuwa ta buɗe ido ta dubi ƙofar. Fuskarta ta washe, irin washewar da bai gani ba tun yana yaro yana dawowa hutu daga mishan.

"Baba," ta ce. "Ka zo?"

Kalmomi ukun nan suka tashi daga kansa, don me za a yi da su kuma? An yafe masa ba tare da ya roƙa ba. Hawaye suka ɓalle masa.

"Na'am, Mama! Na zo. Ga ni."

Ta ɗan yamutsa goshi, ta karkata kai tana leƙen bayansa.

"Ba da kai nake ba, Misye. Matsa, ka tare masa ƙofa."

Barnabé ya waiga. Ba kowa a bayansa sai hasken rana da kaji suna tono. Ya dubi Amba, Amba ta yi masa alama da hannu ya yi abin da aka ce. Ya matsa gefe ya manne da bango, tsohuwa ta ci gaba da yi wa ƙofar murmushi, tana tambayar ubanta ko ya ci abinci.